Wai da gaske ne coci ta ƙone Galileo don ya ce duniya ƙwallo ce?

Malam_Sadi: Jama'a salamu alaikum. Yau na sha kunya a aji, ku fitar da ni daga duhu. Ina koyar da fiziks a wata sakandaren kuɗi. Muna darasin jujjuyawar duniya sai na ɗan sa musu tarihi, kamar yadda malaminmu ya yi mana shekara ashirin da suka wuce: wai coci ta ce duniya a shimfiɗe take kamar tabarma, Galileo ya ce ƙwallo ce, aka kama shi aka ƙone shi da ransa. Wata yarinya a bencin baya, wadda ko sunanta aka kira da kyar ake jin muryarta, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, babana ya ce Galileo a kan gadonsa ya mutu." Na ce mata, to baban naki yana wurin ne? Yara suka tuntsire da dariya, ita kuma ta sunkuyar da kai har aka tashi. Tun da na dawo gida abin yake cina, don na tuna ni ma ban taɓa karanta shi a ko'ina ba, ji na yi. Tsakanina da ita wa ke da gaskiya?

Dan_Fagge: Wa alaikumus salam. Mu ma haka aka koya mana Malam, har da cewa yana cikin wutar yana ihu "amma dai tana juyawa".

Bitrus_Kagoro: Malam, gobe ka nemi afuwar yarinyar nan. Galileo ya rasu ranar 8 ga Janairu 1642 a gidansa da ke Arcetri, gefen birnin Florence a Italiya, yana da shekara 77, ya makance. Ɗaurin talala aka yi masa tun 1633, ba wanda ya ƙone shi. Kuma rigimar ba a kan siffar duniya take ba. A kan wa ke zagaya wa take, rana ce ke zagaya duniya ko duniya ce ke zagaya rana. Labari biyu aka dama maka a ƙwarya ɗaya.

Baba_Hedimasta: Sadi ɗana, kar ka ji komai, ni ma na koyar da wannan ƙaryar shekaru kafin na gane. Bari in ɗauki ɓangaren tabarma.

Girkawa sun san duniya mulmulalliya ce tun kafin haihuwar Annabi Isa. Wani Eratosthenes a Iskandariyya ya auna kewayenta wajen shekara ta 240 kafin Miladiyya, da tsawon inuwa a garuruwa biyu, kuma bai yi nisa da daidai ba. Malaman coci ba su yar da wannan ilimi ba. Bede, wani sufin Kirista a Ingila da ya rasu a 735, ya rubuta ƙarara cewa duniya kamar ƙwallo take, ba zagayen garkuwa ba. Wajen 1230 wani malami a Faris ta Faransa, Sacrobosco, ya rubuta ɗan littafin falaki wanda ɗaliban jami'o'in Turai suka yi ta karantawa har shekara ɗari huɗu, kuma tun a babin farko yake kawo hujjojin mulmuluwar duniya. Ku duba hotunan sarakunan Turai na da, za ku ga sarki riƙe da wata ƙwallon zinariya da gicciye a kanta. Duniya ce fa yake nufin ya riƙe. Akwai ɗaiɗaikun marubuta da suka ce a shimfiɗe take, irin su Lactantius, amma ba su ne ake karantarwa ba.

Shi kuma Kolumbus da ake cewa limamai sun tsorata shi zai faɗa ƙarshen duniya a 1492, abin da masanan fadar Sifaniya suka ce masa shi ne lissafinka bai yi ba, tekun ya fi ƙarfin guzurinka. Kuma su ke da gaskiya. Ya ɗauki awon Alfargani, masanin falakin Bagadaza, ya ɗauka mil ɗin Larabawa daidai yake da na Rumawa, alhali na Larabawa ya fi tsawo. Sai duniya ta tsuke masa a takarda, ya zaci nisan Japan bai kai rubu'in ainihinsa ba. Da bai ci karo da Amurka a hanya ba, ƙishirwa ce za ta gama da su. Wani marubucin labarai Ba'amurke, Washington Irving, shi ya shafa wa labarin shuni a littafin rayuwar Kolumbus da ya fitar a 1828, daga nan ya shige littattafan makaranta.

Hajiya_Bilki: Ikon Allah. Baba Hedimasta Allah Ya ƙara lafiya. Ashe shekara da shekaru tatsuniya muke haddacewa.

Abu_Ammar: Ni fa ina ganin ana neman a wanke coci da sabulu a nan. Ruwa ba ya tsami banza. To idan ba a ƙone Galileo ba, Giordano Bruno fa? Shi ma a kan gadonsa ya mutu?

Dalibin_Seminari: Ɗan'uwa Abu_Ammar, ni ɗan Katolika ne, kuma ba zan wanke wannan ba. An ƙone Bruno da ransa a wani dandalin kasuwa a Roma ranar 17 ga Fabrairu 1600, bayan kusan shekara takwas a tsare. Mugun abu ne, ba uzuri. Abin da zan gyara kawai shi ne dalilin. Bruno limami ne na ɗarikar Dominikan da ya tsere, kuma manyan tuhume-tuhumen da aka yi masa na aƙida ne: musun Allah Uku-cikin-Ɗaya, musun allahntakar Almasihu, da cewa rai yana ƙaura daga jiki zuwa jiki. Maganarsa cewa akwai duniyoyi ba iyaka ita ma tana cikin abin da aka titsiye shi a kai, amma ba da awo ko hange ya zo da ita ba, falsafarsa ce. Cikakkun takardun shari'ar sun ɓace, taƙaitawa ce ta rage, shi ya sa masana ke jayayya har yau kan nauyin kowace tuhuma. Furotesta ma sun yi nasu. A Jeniba ta Calvin an ƙone Michael Servetus a 1553, likitan da ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu, shi ma kan aƙidar Uku-cikin-Ɗaya.

Abu_Ammar: To ba cinya ba ƙafar baya. Wanda zai ƙone mutum kan tunaninsa, ka ce mini masanin falaki zai saki jiki ya yi magana a garin?

Lantana_Samaru: A nan Abu_Ammar yana da magana, kar a danne ta. Descartes, masanin falsafa da lissafi Bafaranshe, da ya ji hukuncin Galileo a 1633 sai ya janye littafinsa na kimiyya da ya gama, ba a buga shi ba sai bayan mutuwarsa. Tsoro ya yi aiki.

Hajiya_Bilki: Anti Lantana, tun da kin shigo, ki yi mana bayani dalla-dalla. Me Galileo ya yi aka kai shi kotu?

Lantana_Samaru: Hajiya doguwa ce, amma bari in gwada.

Wanda ya fara kawo lissafin cewa duniya ke zagaya rana a Turai ta wancan zamani shi ne Copernicus, ma'aikacin babbar majami'ar Frombork a Folan. Littafinsa ya fito a 1543, kuma ya sadaukar da shi ga Fafaroma Paul na III. Aka yi shekara saba'in da wani abu coci ba ta hana shi ba. A 1609 Galileo ya haɗa madubin hangen nesa, ya ga duwatsu a wata, ya ga watanni huɗu suna zagaya Mushtari, ya ga Zara, wadda muke cewa matar wata, tana cika tana raguwa kamar wata. Da ya je Roma a 1611 limaman ɗarikar Jesuit masana falaki suka duba da nasu madubin, suka tabbatar, suka karrama shi.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. A littafin Joshuwa sura 10 an ce Joshuwa ya umarci rana ta tsaya, ta kuma tsaya. Masu adawa da Galileo suka ce abin da ke tafiya ake tsayarwa. Shi kuma ya shiga rubuta wasiƙu yana bayanin yadda ya kamata a fassara ayar. Ku tuna lokacin ana tsakiyar rikici da Furotesta, kuma tushen rikicin shi ne wa ke da ikon fassara Littafi Mai Tsarki. Ga wani malamin lissafi, ba limami ba, ya zo yana yi wa malaman tauhidi tafsiri. A 1616 aka ce ra'ayin ya saɓa wa nassi, aka dakatar da littafin Copernicus sai an gyara, Kadinal Bellarmine ya gargaɗi Galileo kar ya riƙe shi a matsayin gaskiya.

A 1623 abokinsa Maffeo Barberini ya zama Fafaroma Urban na VIII, ya ba shi izinin rubutu muddin zai kawo ɓangarorin biyu. Littafin ya fito a 1632 a sigar hira tsakanin mutum uku. Galileo ya ɗauki hujjar da Fafaroma ya fi so, ya sa ta a bakin wanda ke shan kaye tun farkon littafin har ƙarshe, mai suna Simplicio, sunan da a kunnen ɗan Italiya yake kama da "sakarai". Ku ƙaddara ka yi wa sarki haka a gaban fadawansa. Aka kira shi Roma, aka yi masa barazanar azabtarwa, ranar 22 ga Yuni 1633 dattijo ɗan shekara 69 ya durƙusa ya karanta takardar janye maganarsa. Uku daga cikin kadinal goma ba su sa hannu a hukuncin ba. A cikin ɗaurin talalan ya rubuta littafinsa mafi muhimmanci kan motsi da ƙarfin kayan gini, aka fitar da shi ta bayan fage aka buga a Holan a 1638.

Dan_Fagge, "amma dai tana juyawa" ɗin nan ba ta cikin takardun kotu, sai bayan sama da shekara ɗari ta bayyana a bugu.

Dan_Fagge: Shi ke nan, an ƙwace mini ita ma.

Injiniya_Musa: Ƙarin da ba a cika faɗa ba: a lokacin Galileo ba shi da hujja yankakkiya. Babbar hujjarsa ita ce cikar teku da janyewarsa, ya ce girgizar motsin duniya ke kawo su, kuma kuskure ne, jan wata ne, kamar yadda Kepler, masanin falaki Bajamushe, ya faɗa, Galileo kuma ya yi masa dariya. Masu suka sun ce in duniya na tafiya, ya kamata taurari su ɗan gusa a ido tsakanin rani da damina. Ba wanda ya iya auna wannan gushin sai Bessel a 1838. Sannan akwai tsarin Tycho Brahe, inda sauran duniyoyi ke zagaya rana, rana kuma na zagaya tamu, kuma ya dace da duk abin da madubi ya nuna.

Abu_Ammar: Wato yanzu cocin ce ma ke da gaskiya kenan, Injiniya?

Injiniya_Musa: A'a. Rashin cikar hujja dalili ne na a yi muhawara, ba na a gurfanar da tsoho ba. Littafin bai fita daga jerin haramtattu ba sai 1835, kuma sai 1992 Fafaroma John Paul na II ya fito ya ce alƙalan sun yi kuskure. Shekara 359 fa.

Sani_Gwammaja: Duk wannan surutu ne. Turai na cikin duhu shekara dubu, Musulmi ne suka riƙe ilimi, su kuma suka sace.

Bitrus_Kagoro: To fa, an fara.

Mai_Kula_da_Zaure: Jan kunne: tarihi muke yi, ba wa'azi ba, ba gori ba. Wanda ya zagi addinin wani zan cire shi ba sallama.

Ustaz_Kabiru: Sani, rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma ƙari ne. Tabbas daga ƙarni na 9 zuwa na 12 Bagadaza da Alƙahira da Ƙurɗuba sun yi wa Faris da Landan fintinkau. Amma ka san wa ya fassara yawancin littattafan likitancin Jalinus, babban likitan Girkawa, zuwa Larabci? Hunainu bin Ishaƙ, Kirista ne daga Hira, ya rasu a 873, likitan Halifa Mutawakkil. Iyalan Bukhtishu, su ma Kiristoci, sun yi wa halifofin Abbasiyawa likitanci zuriya bayan zuriya. Halifofin ba su ce ilimin Kirista ba ya shiga fada ba. Haka da abin ya juya, a Toledo ta Andalus limaman coci ne suka zauna suna mayar da Larabci zuwa Latin. Gerard na Cremona, wanda ya rasu a 1187, ya fassara littattafai sama da 70, ciki har da Alƙanun na Ibn Sina, aka yi ta karantar da shi a jami'o'in Turai har ƙarni na 17. Suna kiran sunayen malamanmu a fili, Avicenna, Averroes, Alhazen, wato Ibn Sina, Ibn Rushd da Ibn Haisam. Ɓarawo ba ya rubuta sunan mai kaya a jikin kaya.

Inda za ka iya ƙorafi shi ne wajen Copernicus. Wasu dabarun lissafinsa sun yi kama ƙwarai da na Nasiruddin Ɗusi da na Ibn Shaɗir, mai kula da lokutan salla a Masallacin Umayyawa na Dimashƙu, bai kuma ambace su ba. Ta wace hanya suka kai gare shi, masana na nan suna bincike. Shi ma Servetus da aka ambata, Ibn Nafis ya riga shi bayanin jini da huhu da kusan shekara ɗari uku.

Sani_Gwammaja: Na ji Ustaz. Amma dai coci ta hana feɗe gawa, wannan kowa ya sani.

Nas_Rifkatu: Wannan ma a makarantar koyon jinya aka gaya mana, kuma ba haka ba ne. A Bologna Mondino yana feɗe gawa a gaban ɗalibai, ya rubuta littafinsa a 1316. Abin da wani Fafaroma ya hana a 1299 shi ne dafa gawar manyan mutane da suka mutu a nesa don a kwaso ƙasusuwan zuwa gida. Matsalar masu feɗa ita ce samun gawar, don ba mai son a taɓa ta danginsa, sai ta waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa.

Lantana_Samaru: Amma don adalci, a Faris an haramta karantar da littattafan Aristotle na ɗabi'ar halitta a 1210, kuma a 1277 bishop ɗin birnin ya la'anci maganganu 219. Sai dai zuwa 1255 littattafan da aka hana sun zama dole a manhaja. Hannu ɗaya na turewa, ɗaya na jawowa.

Dan_Maradi: Gaisuwa daga Nijar. Mushenmu, wato malaminmu na tarihi a sakandare, ya taɓa tambayarmu me ya faru a Roma ranar 10 ga Oktoba 1582. Muka yi ta kame-kame. Ya ce ba abin da ya faru, domin babu ranar. An kwanta Alhamis 4 ga wata, aka tashi Juma'a 15. Fafaroma Gregory na XIII ne ya gyara kalanda, ita ce wadda ke rataye a shagon kowa yau. Dalili kuwa bikin Ista, wanda ake sa shi da lissafin rana da na wata, kuma tsohuwar kalanda ta zame da kwana goma. Ingila ta ƙi karɓa saboda daga Fafaroma ta fito, sai 1752.

Ustaz_Kabiru: Kamar mu da duban wata da alƙibla kenan. Ibada ce ta tilasta lissafi.

Injiniya_Musa: Har majami'u suka mayar ɗakin awo. A San Petronio ta Bologna, Cassini ya huda rufin a 1655, ya ja layi a daɓe mai tsawon mita kusan 67, hasken rana na faɗowa a kai da tsakar rana. Shekara 22 kacal bayan hukuncin Galileo, a ƙasar da Fafaroma ke mulki, kuma awon da ya samu ya goyi bayan lissafin Kepler.

Maman_Rahila: Salama jama'a. Ku kuna ta tarihi, ni kuma a gidana abin yake. Ɗana ya dawo daga taron matasa ya ce wani mai wa'azi baƙo ya ce duk wanda ya yarda da darasin juyin halitta ya musunci littafin Farawa, duniya shekararta dubu shida. Yaron yana shirin jarrabawar bayoloji, ya rufe littafin ya tura ƙarƙashin katifa, kwana uku bai taɓa shi ba. Sai da Baba Fasto namu ya zaunar da shi a ƙarƙashin mangwaro bayan sujada. Don haka kar a ce rigimar duk ƙirƙira ce.

Dalibin_Seminari: Mama gaskiya ne, kan Darwin, mai bayanin juyin halitta, akwai rigima ta gaske. A jihar Tennessee ta Amurka an ci tarar malamin makaranta John Scopes dala 100 a 1925 don ya koyar da shi, dokar kuma ba a soke ta ba sai 1967. Lissafin dubu shidan na Bishop Ussher ne, 1650, shi ya ce an yi halitta a 4004 kafin Almasihu, ba aya ba ce. Amma tun 1859 da littafin Darwin ya fito Kiristoci sun rabu biyu. Babban mai kare Darwin a Amurka, Asa Gray, mai zuwa coci ne sosai. Da Darwin ya mutu a 1882 a cikin majami'ar Westminster aka binne shi, kusa da Newton. Ki gaya wa ɗanki Augustine, bishop ɗin Hippo da ke Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya gargaɗi Kiristoci kar su riƙa faɗin shirme kan sama da ƙasa da sunan nassi a gaban waɗanda suka san abin, don nassin za a raina. Ki ƙara masa da Mendel, sufin da ya gano ƙa'idojin gadon halitta da shukar wake a lambun gidan ibada a Brno, da Fada Lemaître na Beljiyam da ya kawo lissafin faɗaɗar sararin samaniya a 1927.

Abu_Ammar: Jera sunayen limamai masana ba hujja ba ce. A zamanin da kusan duk mai karatu ɗan coci ne, wa kake so ya yi binciken, maƙeri?

Lantana_Samaru: Wannan ma na ba ka. Shi kansa Lemaître, da Fafaroma Pius na XII ya so a 1951 ya mai da bincikensa hujjar halitta, bai ji daɗi ba, ya nemi a daina haɗawa.

Baba_Hedimasta: Sadi ya tambayi wa ke da gaskiya, ni kuma abin da ya dame ni shi ne daga ina malaminsa ya samo. Mutum biyu ne a Amurka suka yi wa labarin "yaƙin addini da kimiyya" ginshiƙi. John William Draper, masanin kemistiri, ya fitar da nasa a 1874, yana cike da haushin cocin Katolika bayan ta ayyana rashin kuskuren Fafaroma a 1870. Andrew Dickson White, shugaban farko na jami'ar Cornell, ya fitar da mujalladi biyu a 1896, bayan limamai sun yi ta sukarsa don ya kafa jami'ar da ba ta ƙarƙashin wata ɗarika. Kowannensu da abin da ke cinsa. Draper ya yabi Musulmin Andalus sosai don ya ƙuntata wa Roma, ina kuma zargin shi ya sa labarin ya yi mana daɗin haɗiya.

Malam_Sadi: Na gode ƙwarai jama'a, jiya har ƙarfe ɗaya ina karanta ku. Yau da na shiga aji na rubuta 1633 da 1642 a allo, na ce jiya Malam ya yi kuskure, na kira yarinyar da sunanta na ce ta gaya wa babanta ya fi ni gaskiya. Wani ɗan gaba ya ce, "To Malam wa aka ƙone?" Na ba su labarin Bruno, rabin lokacin darasi ya tafi a nan. Da aka tashi ta biyo ni har ƙofar ofis, ta ce babanta ya ce in an gama da Galileo a tambaye ni, wai tuffa ta faɗo wa Newton a ka ko ba ta faɗo ba.

Dan_Fagge: Malam kar ka amsa! Ka ce sai Litinin.

Bitrus_Kagoro: Ya ga ta faɗo a lambu, shi da kansa ya ba William Stukeley labarin a 1726. A ka ɗin ne ƙari.

Abu_Ammar: Ni har yanzu ba a amsa mini ba. Mutum nawa ne suka yi shiru irin na Descartes, waɗanda ba mu ma san sunansu ba? Kuma ba wanda ya taɓo Hypatia, malamar lissafi da falsafa da wani gungun Kiristoci ya kashe.

Lantana_Samaru: Shekara ta 415, Iskandariyya, rigimar Bishop Cyril da gwamna Orestes. Cajina saura kashi huɗu, an ɗauke wuta tun la'asar. Ka buɗe mata nata zaren, gobe ina nan.